Tsince-tsincen Waziri: Yadda Malaman Sakkwato Suka Tara Labari Daga Takardu Barkatai



Duk wanda ya taɓa zama a Ɗunɗaye lokacin da 'yan ajin ƙarshe na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke fama da kundin kammala karatu, ya san yadda shagunan buga takardu ke cika maƙil. Kowa rungume da tarin takardu, wayarsa kuma ta cika da littattafan da aka turo masa har ta fara nauyin buɗewa. Kayan aiki dai ga su nan kamar ƙasa. Amma ka tare ɗaya daga cikinsu ka ce ya nuna maka inda ya samo jimlar da ke shafi na 12 na aikinsa, sai ka ga ya fara sosa ƙeya.

Ba dariya nake musu ba, don ni ma ta taɓa ci na. Shekarun baya na rubuta wata maƙala a kan ribaɗin Wurno, na sa wata magana mai daɗi a kan yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaunar da mutane a garin. Wanda ya duba mini aikin ya ja layi a ƙarƙashinta, ya rubuta kalma biyu a gefe: daga ina? Kwana uku ina buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, ina zazzage hotunan shafuka a waya. Na san na karanta ta, ina ma iya tuna cewa a ƙasan shafi take. Littafin ne ya ɓace mini. Ƙarshe dole na cire ta, kuma ita ce maganar da na fi so a duk maƙalar.

Abin da ya ƙara ba ni kunya shi ne, daga Ɗunɗaye zuwa unguwar Giɗaɗawa a cikin birni tafiyar 'yan mintoci ce a mota, kuma a can aka yi mutumin da ya ba wannan matsala suna tun kafin a haife ni. Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya zama Wazirin Sakkwato a 1948, ya rasu a 1997, yana da littafin tarihi da ya kira Dabɗul Multaƙaɗati. In aka fassara cikakken sunan littafin da Hausa, ma'anarsa ita ce daidaita abubuwan da aka tsinto daga labaran da suka warwatsu cikin wallafe-wallafe. Ku lura da kalmomi biyun nan: tsinta, da daidaitawa. Tsinta kowa na iya yi, har yaro a bayan masussuka. Daidaitawar ce aikin malami. Daga wannan aiki ne aka sami Tarihin Fulani da aka buga da Hausar boko a Zariya a shekarun 1950, wanda da yawa daga cikin iyayenmu suka karanta.

Sai dai Waziri gado ya tarar. Bari mu koma baya kaɗan mu ga irin takardun da magabatansa suka yi aiki da su, don sai an san wahalar kayan sannan a yaba wa dabarar.

Littafin malamin Sakkwato na ƙarni na 19 ba ɗinkakke ba ne. Warƙoƙi ne sake-sake, a jera su a tsakanin bango biyu, a ɗaure da tsirkiya, a sa cikin gafaka. Takardar ma daga nesa take zuwa, yawanci daga masana'antun Italiya ta hanyar Tarabulus da Masar, a kan raƙuma. In ka ɗaga irinta ga haske za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Tsadarta ta sa ba a ɓarnarta. Rashin ɗinki yana da amfani, domin malami na iya raba littafi ɗaya ga almajirai biyar su kwafa a lokaci guda. Yana kuma da haɗari: iska ɗaya ta kaɗa, ko yaro ya yi tuntuɓe da gafaka, littafi ya zama tsibin takardu. Maganin da aka yi wa wannan shi ne, a ƙasan shafi, can gefe, mai kwafa zai rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa. Ko da littafin ya tarwatse, wanda bai taɓa karanta shi ba ma zai iya mayar da shi yadda yake. Kowace warƙa tana ɗauke da adireshin 'yar uwarta.

Wannan tunani, na cewa guntu ya riƙa yawo da shaidar inda ya fito, shi ne ya ratsa duk rubutunsu. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello sun rubuta littattafai masu yawan gaske, kuma babban kaso na abin da ke ciki ciro ne daga littattafan magabata. Wasu Turawan da suka fara duba su sun raina su saboda haka, suna ganin kwafe ne kawai. Ni ina ganin ba su lura da yadda aka yi ciron ba. Malami zai ambaci sunan mai magana da littafinsa kafin ya kawo maganar. In ta ƙare sai ya sa kalmar intaha, wato ta ƙare, ko ya taƙaita ta da haruffa biyu. In zai sa bakinsa sai ya ce ƙultu, wato na ce. Da waɗannan 'yan alamomi mai karatu ya san inda maganar wani ta fara, inda ta tsaya, da inda marubucin ya ɗauki alhakin nasa ra'ayin. Mutanen da ke rubutu a tsakanin yaƙi da yaƙi, wani lokaci a sansani, ba su yarda sun haɗiye maganar wani sun fito da ita a matsayin tasu ba.

Malam Abdullahi na Gwandu shi ne gwanin wannan fage. Tafsirinsa, Diya'ut Ta'awili, ya gina shi ne a kan manyan tafsirai da suka gabata, irin su na Baidawi da Jalalaini da Hazin, ya tace su ya zuba a mazubi ɗaya don almajirin da ba zai taɓa mallakar dukkansu ba. Da ya ga wannan ma ya yi wa wasu nauyi, sai ya sake taƙaita shi a Kifayatu Du'afa'is Sudan. A 1813 kuma ya yi wani abu da ya kamata kowane mawaƙi a cikinmu ya yi koyi da shi: ya tattara waƙoƙinsa na Larabci da suka warwatsu, ya jera su bisa lokacin da aka yi su, ya sa wa kowace bayanin abin da ya jawo ta. Sunan littafin Tazyinul Waraƙati. Da ya bar waƙoƙin tsirara, da dīwani kawai za mu samu. Bayanin da ya liƙa wa kowace waƙa shi ya mayar da littafin ɗaya daga cikin manyan madogaran tarihin jihadi.

Amma misalin da ya fi burge ni shi ne na Bello a Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. Littafin ya haɗa bayanin ƙasashe, da tarihin malamai wanda ya ɗebo wani sashe nasa daga rubuce-rubucen Ahmad Baba na Tumbuktu, da labarin yaƙe-yaƙen da shi kansa ya halarta. Sannan ya zo kan gardamar da aka yi da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Borno, wanda ya rubuto yana ƙalubalantar hujjar yaƙar Borno, ƙasar da ta daɗe da Musulunci. Bello yana da iko ya taƙaita maganar abokin hamayyarsa yadda ya ga dama, ya murɗe ta, ya rusa ta cikin sauƙi. Sai ya kwafo wasiƙun Alkanemi ya sa su cikin littafinsa, sannan ya biyo da amsa. Yau in ɗalibi yana son ya ji hujjar Borno a kan Sakkwato da zafinta, littafin Sakkwato yake buɗewa. Ina yawan tuna wannan in na ga yadda muke yanko rabin maganar mutum a Facebook mu yi ta dukanta.

Wannan littafi bai daɗe ba ya fara tafiya. Da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne mai masaukinsa, kuma ya koma gida da wani yanki na Infaƙu wanda aka fassara aka buga a Landan a 1826 a ƙarshen littafin tafiyarsu.

Gidan Giɗaɗo shi ne ya zama rumbun daula. Shi kansa ya rubuta Raudul Jinani a kan Shehu da jama'arsa, da Alkashfu wal Bayan a kan Bello, inda ya yi ta jera sunaye: almajirai, mataimaka, alƙalai, littattafai. Jerin sunaye ba shi da daɗin karatu, na sani. Amma duk mai binciken da ya zo daga baya a kan wannan jeri ya taka. Matarsa Nana Asma'u kuma tana nata aikin, tana juya ilimi daga Larabci da Fulatanci zuwa Hausa don matan karkara. Sannan wasiƙun da ke kai da komo tsakanin Sakkwato da masarautu irin su Kano da Zazzau ta hannun Waziri suke bi, don haka a gidan suke taruwa.

A nan ne dabarar magabata ta sami gurbin da ba ta cike ba, kuma gaskiya ce a faɗa. Da Turawa suka ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris 1903, sun sami tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, mahaifin Waziri Junaidu. Wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya fassara su aka buga a Legas a 1927. Wasiƙun sarakuna ne, da yawansu suna ba da labarin matsowar Nasara, suna neman shawara. Akwai hatimi, akwai sunan mai aikowa da wanda aka aika wa, akwai doguwar gaisuwa. Abin da galibinsu ba su da shi shi ne kwanan wata. A lokacin ba a ga bukatarsa ba, tunda manzon da ya kawo takarda yana tsaye, shi zai faɗi yaushe ya taso da abin da ya baro. Manzo ya mutu, takarda ta rage. Sai ga masana tarihi suna zaune suna lissafi: wannan sarki ya hau a shekara kaza, wancan Waziri ya rasu a shekara kaza, to wasiƙar ta faɗo tsakanin nan da nan. Layi ɗaya da magatakarda zai rubuta cikin ƙiftawar ido ya zama aikin watanni ga jikokinsa.

Ɗaya daga cikin masu wannan lissafi shi ne Murray Last, wanda ya zo daga Jami'ar Ibadan a farkon shekarun 1960 ya zauna a Sakkwato yana karatu a ɗakin littattafan Waziri Junaidu. Littafinsa a kan Daular Sakkwato ya fito a 1967, kuma har gobe ana dogara da shi. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, takardun kaɗai ba su isa su ba shi abin da ya samu ba. Waziri ne ya san wace gafaka ke ɗauke da me, wane kwafi ya fi inganci, hannun wa ya rubuta wannan, wane Abdulƙadir ake nufi a nan tunda suna da yawa. Fihirisar ɗakin tana cikin kan mai ɗakin. Haka Jean Boyd ta same shi lokacin da take bin sawun rubuce-rubucen Nana Asma'u, aikin da ya kai ga kundin da ita da Beverly Mack suka fitar a 1997, shekarar da Waziri ya rasu.

Fihirisar da ke cikin kan mutum ta fi kowace sauri, amma ranar da aka kai shi makwanci da ita ake tafiya. Shi ya sa tun shekarun 1950 aka fara ƙoƙarin sauke ta a takarda. W. E. N. Kensdale na ɗakin karatun Ibadan ya buga jerin littattafan Shehu a 1955, na Abdullahi a 1956, na Bello a 1958. A 1964 aka kafa shirin binciken tarihin Arewa wanda Abdullahi Smith ya jagoranta, aka riƙa bi gida-gida ana ɗaukar hoton littattafai, a mayar wa masu su da kayansu. Gidan Arewa na Kaduna ya biyo baya a 1970. A Sakkwato aka buɗe hukumar tarihi wadda yanzu ke ɗauke da sunan Waziri Junaidu, jami'ar da aka kafa a 1975 ita ma ta buɗe Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci da ke tara irin waɗannan takardu.

Sai wata sabuwar matsala ta ɓullo: rumbuna sun yi yawa. Littafi ɗaya na Bello yana iya kasancewa a Sakkwato da Kaduna da Zariya da Ibadan da Yamai da Faris, kowane wuri da lambarsa, wani wurin ma da wani suna dabam. John Hunwick ya shafe shekaru yana bin waɗannan jeri-jeri, ya fitar da juzu'i na biyu na kundin adabin Larabci na Afirka a 1995, wanda ya shafi yankinmu. Tsarinsa mai sauƙi ne: marubuci, tarihinsa a taƙaice, littattafansa, sannan a ƙarƙashin kowane littafi a faɗi garuruwan da kwafinsa yake da lambar kowanne. Bai kwashe littafin kowa ya kai wuri ɗaya ba. Bayanin littattafan ya tara, littattafan suna inda suke. Charles Stewart na Jami'ar Illinois a Amurka ya ɗauki irin wannan tunani ya sa a kwamfuta tun ƙarshen shekarun 1980, ya fara da wani ɗakin karatu na Butilimit a Muritaniya, daga baya aka yi ta zuba wasu rumbunan Afirka ta Yamma a ciki.

Masu gina manhajojin adana takardu na zamani a kan wannan gaɓa suke tuntuɓe ko su tsallake. In manhaja tana riƙe da takardu dubu goma, aka ce ta kawo duk abin da ya shafi Wurno, hanya biyu ce a gabanta. Ko ta buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, duk lokacin da aka tambaye ta ta sake daga farko, kamar yadda na yi a kwana ukun nan nawa. Ko kuma tun ranar da takarda ta shigo a cire mata ɗan taƙaitaccen bayani, wato marubuci da shekara da batu da inda aka ajiye ta, a zuba a fihirisa. In tambaya ta zo fihirisar ake dubawa, sai a buɗe takardu biyar ɗin da ake bukata kawai. Wahalar sau ɗaya ake shan ta, a bakin ƙofa. Saurin da ake gani daga baya duk daga nan ya fito.

Amma kada a ɗauka cike gurbin marubuci da shekara abu ne mai sauƙi. Ɗauki sunan Shehu kawai. Wani ya rubuta Usman ɗan Fodiyo, wani Usmanu Ɗanfodiyo, wani Uthman ibn Fudi, wani Shehu Mujaddadi. Mutum ya san duk ɗaya ne, kwamfuta kuwa mutum huɗu take gani sai an gaya mata. Malam Abdullahi yana da littattafai da dama da suka fara da kalmar Diya'u: na tafsiri, na hukunci, na siyasa, na sarauta. Mai gaggawa ya rubuta Diya'u kawai ya wuce, ya jefa na bayansa a rami. Ga kuma waƙar nan Tabbat Haƙiƙa da ake rerawa har yau: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Wa za ka sa a gurbin marubuci? In ka sa ɗaya ka zalunci biyu. Irin wannan hukunci na'ura ba ta yanke shi, sai wanda ya san kayan, kuma shi ne abin da Waziri ya kira daidaitawa.

To mu fa, marubutan Hausa na yau? Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun yi wa littattafan adabin kasuwar Kano fihirisa, ta waɗanda suka fito daga 1987 zuwa 2002, aka buga a 2004. Ko su sun yi fama da littattafan da ba shekara a jikinsu. Tun daga lokacin rubutunmu ya ƙaura zuwa waya. Labari yana fita kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad da Facebook, wani ya kwafe ya haɗa a fayil ɗaya, ya goge sunan marubuciya ya sa na zaurensa, wani ya canza wa labarin suna gaba ɗaya. Ba kwanan wata, ba gari, sau da yawa sunan ma na aro ne. Warƙoƙi sake-sake muke samarwa fiye da na kowane zamani, kuma ba mu sa musu ko kalmar nan ta ƙasan shafi da magabata ke sawa. Wasiƙun gidan Waziri Buhari aƙalla suna da hatimi.

Ni dai tun bayan abin da ya same ni na canza hali. Duk abin da na tsinta, kafin in rufe littafin sai na rubuta abu huɗu a kansa: wa ya faɗa, a wane littafi, shafi na nawa, yaushe na gani. Hoton shafi ba ya kwana a wayata sai na ɗauki hoton bangon littafin tare da shi. Maganar wani ina sa mata alamar buɗewa da rufewa ko a cikin ɗan littafin aljihuna ne, tawa kuma in sa harafin farko na sunana a gabanta, ƙultu ɗina ke nan. Duk kashin labarin da na saki, sunana da kwanan wata da lambar kashi suna cikin jikin rubutun, sama da ƙasa, yadda mai gogewa sai ya yi da gangan. Fihirisar tawa ba wata manhaja ba ce mai tsada, jadawali ne guda ɗaya mai gurbi shida.

Maganar Wurno kuwa, bara na ci karo da ita ba ina nemanta ba, a ƙasan shafi kamar yadda na tuna. Ashe ba a kan Bello aka yi ta ba, a kan wani sarki ne da ya zo bayansa da shekaru masu yawa.